Cajin Akwatunan Wuta Da Hasken Rana A Gida: Lissafi Kafin A Jona Waya

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi a 'yan shekarun nan zai ga wani baƙo da ya zama ɗan gari, wato farantan sola masu mayar da hasken rana wutar lantarki. Dalilin yaɗuwarsu ba ɓoyayye ba ne. Wutar layi ba ta da tabbas, man janareta kuwa ya ƙara tsada tun bayan da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023. Rana kuma ga ta nan kullum, ba a biyan kuɗinta.

Bayan farantan sai ga wata na'ura ta biyo baya, wadda a wannan maƙala za mu kira ta akwatin wuta. Akwati ne mai hannun ɗauka, a cikinsa akwai batir da soket, ana cajinsa a gida a tafi da shi kanti ko makaranta ko gona. A yau ba abin mamaki ba ne a sami biyu ko uku a gida ɗaya: na maigida yana kunna fanka da fitila a shago, na uwargida yana riƙe keken ɗinki, na ɗalibi yana riƙe kwamfuta. Dukkansu kuwa daga sola ɗaya ake son su ƙoshi kafin rana ta faɗi.

A nan matsalar take. Abubuwa uku ne ke lalata akwatin wuta ko su tayar da gobara a lokacin caji: turin wuta da ya wuce abin da akwatin zai iya ɗauka, kaya da suka fi ƙarfin waya da inbata, da kuma zafi. Abin farin ciki shi ne dukkan ukun ana iya hango su tun kafin a jona waya, domin lambobinsu suna rubuce a jikin kayan. Ɗalibin sakandare da ya iya tarawa da ninkawa da rabawa yana iya kare gidansu daga asara, kuma wannan lissafin ne za mu bi daki-daki.

Abin Da Ke Cikin Akwatin

Mu masu nazarin halittu mun san cewa ganyen tsiro ya riga mu fara wannan sana'a. Ganyen dawa yana kama hasken rana ya adana ƙarfinsa cikin sukari da sitaci, sai dai abin da amfanin gona ke adanawa a tsawon damina bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken da ya sauka a gonar ba. Ɗan Adam ya zo daga baya. A 1839 wani matashi Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki, a 1954 kuma masana a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta silikon mai mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na haske wuta. Farantan da ake sayarwa yanzu suna kaiwa kashi 20 ko fiye.

Faranti dai tamkar ganye ne, batir kuwa shi ne rumbu. Batirin da ke cikin akwatin wuta na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma saboda shi aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Iri biyu aka fi samu. Akwai wanda ake rubuta wa NMC, mai ɗauke da nikel da manganis da kobalt. Ba shi da nauyi, amma bai da juriyar zafi sosai. Akwai kuma LFP, mai ɗauke da ƙarfe da fosfet. Ya fi nauyi, ya fi jure zafi, kuma yakan ɗauki caji sau 3,000 ko fiye kafin ya raunana, alhali NMC yakan fara gajiya tun bayan ɗaruruwa zuwa kamar dubu ɗaya.

Ban da batir akwai wasu sassa uku. Na farko shi ne mai gadi, wanda ake rubuta wa BMS, aikinsa ya yanke wuta idan caji ya cika ko zafi ya yi yawa. Na biyu shi ne kwanturola mai karɓar wuta daga faranti, galibi irin da ake rubuta wa MPPT. Na uku shi ne ƙaramar inbata mai mayar da wutar batir irin ta soket. Kada mai karatu ya ɗauka mai gadin nan zai hana kowace ɓarna. Yana tsaron batir ne daga ciki. Ba ya ganin wayar da ke narkewa a bayan kujera.

Ma'aunai Huɗu

A ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora a sama. Tsawon wurin da aka ɗora shi ne ke sa ruwa ya fito da ƙarfi. A lantarki wannan shi ne turi, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu shi ne kwarara, ana auna ta da amfiya, alamarta A. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, alamarsa W, wato saurin aikin da wutar ke yi. Idan kuma aka ninka wat da yawan sa'o'i sai a sami wat-awa, alamarsa Wh, wato girman randar da ake cikawa. Akwati mai wat-awa 1,000 zai riƙe fanka mai wat 50 na abin da bai kai sa'o'i 20 ba, domin wani kaso yakan salwanta a hanya.

Wuta kuma iri biyu ce. Ta faranti da ta batir miƙaƙƙiya ce, gefe ɗaya take bi, alamarta DC. Ta soket kuwa mai kai-da-komo ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya a kan bolt 230 ko kusa da haka, alamarta AC. Kowane akwati yana da ƙofar shiga ta kowace iri, kuma a gefen ƙofar ko a ƙasan akwatin an rubuta iyakar abin da za ta ɗauka.

Nawa Rana Ta Bayar, Nawa Aka Ci?

Kafin a tambayi yadda za a yi caji, a fara tambayar ko akwai abin da za a raba. A ce gida yana da faranti 4, kowanne wat 400, jimla wat 1,600. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar hasken yini guda daidai yake da kamar sa'o'i 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Mu ɗauki 5. A takarda, 1,600 sau 5 ya ba da wat-awa 8,000. To amma lambar da ke jikin faranti an auna ta ne a ɗakin gwaji, faranti yana kan digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A kan rufin kwano da tsakar rana yakan haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage masa kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 cikin 100. A haɗa da ƙura da asarar waya da ta kwanturola, abin da za a dogara da shi bai wuce kashi 70 cikin 100 ba, wato wat-awa 5,600.

Idan firji da fankoki da fitilu da talabijin suna cin 3,500 a yini da dare, saura 2,100. Yanzu a kawo akwatuna uku masu wat-awa 1,000 da 500 da 300, jimla 1,800. Da ganin farko sai a ce abin ya isa. Sai dai juye ruwa daga randa zuwa tulu ba ya rasa zuba. Idan ta soket aka yi cajin, inbata za ta mayar da miƙaƙƙiyar wuta mai kai-da-komo, akwatin kuma ya sake mayar da ita miƙaƙƙiya, a nan kusan kashi ɗaya cikin biyar zai tafi a zafi. Saboda haka cika 1,800 yana bukatar kamar 2,250. An ci bashin 150 ke nan a rana mai kyau. A ranar hazon hunturu ko hadarin watan Agusta bashin zai ninka sau da yawa, kuma babban batirin gida ne zai biya shi da dare. Batirin dalma, irin mai ruwa, idan ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ba ya daɗewa.

Hanya Ta Farko: Ta Soket

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ce mafi aminci ga wanda ba ma'aikacin lantarki ba, muddin an kiyaye nauyin kaya. A ce inbatar gidan an rubuta mata 2.5 kVA. Ga inbatoci da yawa wannan yana nufin kamar wat 2,000 ne na ainihin aiki, sai a duba takardarta a tabbatar. Ƙa'ida mai kyau ita ce kada kayan da za su daɗe a kunne su wuce kashi 80 cikin 100, wato wat 1,600. Idan gida yana cin 500 da rana, abin da ya rage wa caji 1,100 ne.

Akwatunan zamani kuwa mayunwata ne. Mai wat-awa 1,000 da ake tallarsa da cewa yana cika cikin sa'a ɗaya, dole ya ja wat 1,000 ko fiye. Idan na biyu yana jan 300, na uku 100, jimla da na gida ta kai 1,900. An ƙetare iyaka, kuma da zarar injin firji ya tashi inbata na iya yankewa. Abin da ba a gani ya fi wannan muni. Farantan ba sa ba da fiye da wat 1,200 ko makamancin haka ko da tsakar rana, don haka sauran daga batirin gida yake fitowa. Idan kuwa da dare aka yi, duka daga batirin ne: wat 1,900 a kan bolt 24 ya kusa amfiya 80, ban da asara. Zafin da waya ke yi yana ƙaruwa ne da ninkin kwarara a kanta, wato idan amfiya ta ninka biyu zafi ya ninka huɗu. Siririyar waya ko kan batir da bai ɗauru sosai ba, nan gobara ke farawa.

Taura biyu ba ta taunuwa. A yi cajin bi da bi, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma, bayan batirin gida ya kusa cika. A fara da babba shi kaɗai, sannan ƙanana biyu tare. Akwatuna da yawa suna da maɓalli ko manhajar waya da ake rage saurin caji. Idan aka mayar da babban zuwa wat 400 ko 500, zai cika cikin sa'o'i biyu zuwa uku, batirinsa kuma ba zai yi zafi ba.

A kula da dogon soket mai baki da yawa. Fulogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Nijeriya iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000, amma na araha da ke cika kasuwa wayar cikinsa ba ta kai haka ba. Babban akwati a jona shi a soket na bango kai tsaye. Kada a jona dogon soket a jikin wani, kada kuma a bar wayarsa a naɗe ko a ƙarƙashin darduma. Bayan minti 15 da fara caji a taɓa bayan fulogin. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma idan hannu ba ya iya zama a kai, a kashe. Haka nan tsofaffin inbatoci masu arha da wutarsu ba ta fita sumul, waɗanda ke sa fanka gurnani, wasu akwatunan ba sa karɓar wutarsu, wasu kuma cajarsu ta yi zafi.

Hanya Ta Biyu: Kai Tsaye Daga Faranti

Wannan hanya ta fi tattali, domin babu juye-juye, amma ita ce ta fi kashe akwatuna. A bayan kowane faranti akwai takarda, a kanta akwai lamba mai haruffa Voc, wato iyakar turin da farantin ke yi idan ba a jona shi da komai ba. Wannan lamba ita za a gwada da iyakar ƙofar akwati. Ƙananan akwatuna da yawa ba sa ɗaukar fiye da bolt 28 ko 30, matsakaita sukan kai 60, manya kuwa wasu har 150. Farantin rufi mai wat 400 yakan yi kusan bolt 37, mai wat 550 kuma kusan 50. Ke nan faranti ɗaya tak na rufi ya isa ya ƙona ƙofar ƙaramin akwati.

Yadda aka haɗa farantai ma yana canza lissafi. Idan aka jera su kai da wutsiya, wato jan waya na wannan ya shiga baƙin na gaba, bolt ne ke taruwa: biyu masu 37 sun zama 74, sun wuce ƙofar 60. Idan kuwa aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, bolt yana nan yadda yake, amfiya ce ke taruwa. Bambancin da ke tsakanin biyun yana da muhimmanci. Amfiya akwati ne ke jan abin da yake bukata, shi ya sa kamfanoni da yawa ke yarda a ɗan wuce, bisa iyakar da suka rubuta. Bolt kuwa tura shi ake yi, akwati ba shi da ikon ƙi.

Akwai kuma tarkon hunturu. Faranti yana ƙara turi idan ya yi sanyi, kusan kashi 0.3 cikin 100 a kowane digiri da ya sauka ƙasa da 25. A ɗauki faranti uku masu bolt 49.5 a jere, jimla 148.5, ƙofa kuma iyakarta 150. Duk tsawon bazara za su yi aiki lafiya. Amma da sanyin safiyar watan Janairu, a wuri irin Jos ko Zariya inda ma'auni kan sauka kusa da digiri 10, turin zai ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100 ya haura 154 a daidai lokacin da rana ta fara haskawa. Don haka a bar tazarar aƙalla kashi 10 cikin 100 tsakanin jimlar Voc da iyakar ƙofa.

Tambayar da aka fi yi ita ce, ko za a iya raba wayar faranti ɗaya gida biyu a ba akwati biyu a lokaci guda? Amsa ita ce kada a yi. Kwanturolar kowane akwati tana ɗaga kaya tana saukewa a kai a kai don ta gano inda farantin ya fi ba da ƙarfi. Idan biyu suna yin haka a kan faranti ɗaya, kowace za ta riƙa ɓata wa 'yar'uwarta awo, caji ya yi ta tsayawa yana tashi, kuma ba a ƙera ƙofofin don a haɗa su da juna ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kowane akwati da farantinsa, ko kuwa a yi bi da bi. Wannan dalili ne kuma ya hana a saci layi daga farantan da ke jone da kwanturolar gida.

Bugu da ƙari, layin da ke saukowa daga rufi zuwa manyan inbatoci yakan ɗauki bolt 200 zuwa 400 ko fiye. Jikin mutum ruwa ne da gishiri, jijiyoyi da tsokar zuciya kuma da ɗan ƙaramin lantarki suke aiki. Kwararar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji, fata mai gumi kuwa ba ta tare wuta kamar busasshiya. Miƙaƙƙiyar wuta tana da wani hali: wutar soket tana sauka zuwa sifiri sau 100 a daƙiƙa, don haka tartsatsinta yakan mutu da kansa, ita kuwa idan ta kama tartsatsi sai ta riƙe. Shi ya sa ba a zare mahaɗin faranti ana tsakiyar caji. A kashe bireka irin ta DC tukuna, ko a juya ƙaramin faranti a kife ko a lulluɓe shi. Aikin rufi kuwa a bar wa ƙwararren da ke da shaidar hukumar NEMSA.

Hanya Ta Uku, Da Hanyar Da Aka Haramta

Ana iya cajin akwati daga batirin gida mai bolt 12 ko 24 ta wayar da ake cajinsa da ita a mota. Hanya ce mai jinkiri, domin galibi ba ta wuce amfiya 8 zuwa 10. Sharaɗinta uku: a tabbatar ƙofar ta yarda da bolt ɗin batirin, musamman idan mai 48 ne, kada a juya ja da baƙi, kuma kowane akwati a sa masa fiyus nasa dab da kan batir, domin batirin gida yana iya zubo ɗaruruwan amfiya idan wayoyi biyu suka haɗu.

Cajin akwati daga soket ɗin wani akwati ba ya da haɗari sosai idan ba a wuce iyakarsa ba, sai dai ɓarna ce, ana zubar da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye a kowane juyi. Abin da ya zama haramun shi ne a haɗa waya mai fulogi a kai biyu, a cusa wutar akwati cikin soket na bango don a haska gida. Ƙafafun fulogin da ke hannu suna ɗauke da bolt 230 a fili. Wutar tana iya fita ta bi layi ta sami ma'aikacin da ke kan turke yana zaton babu wuta, idan kuma aka kawo wuta ana cikin haka, akwatin ne zai ƙone. Mai son wannan sai ya sa a ɗaura masa makunnin sauya layi.

Zafi, Babban Abokin Gaba

Ɗalibin nazarin halittu ya san cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin ayyukan sinadarai a jikin halitta, shi ya sa tuwo ke saurin lalacewa a bazara. Batir ma tukunyar sinadarai ce, kuma ayyukan da ke tsufar da shi suna bin irin wannan ƙa'ida. Yawancin akwatuna an rubuta kada a yi cajinsu a sama da digiri 40 ko 45. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa iskar watan Afrilu da Mayu kanta tana haura 40, balle ɗakin kwano marar silin ko motar da aka rufe a rana.

Idan zafin cikin ƙwayar batir ya kai wajen digiri 130, siririyar ledar da ke raba ɓangarorinta biyu takan fara narkewa. Daga nan zafi ke haifar da ƙarin zafi, ƙwaya ta kunna maƙwabciyarta. Irin NMC yana sakin iskar oksijin daga jikinsa, wato yana hura wa kansa wuta. LFP ba ya saurin yin haka, amma shi ma yana fitar da iska mai kamawa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2013 an dakatar da jiragen sama samfurin Boeing 787 na 'yan watanni saboda batiransu, a 2016 kuma Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa.

Saboda haka faranti a rana, akwati a inuwa. A ajiye akwatunan a kan siminti, a bar tazarar taki ɗaya tsakaninsu da bango, kada a ɗora wani kan wani, kada a lulluɓe su don gudun ƙura alhali suna caji. Kada a sa su kan katifa ko tabarma, ko kusa da jarkar fetur da tukunyar gas. Kada a ajiye su a zaure ko bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, musamman a gidajenmu masu ƙarfen tagogi, kuma kada a kwanta barci a bar su suna caji a ɗakin kwana. Batirin gida mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin idan yana caji, don haka ɗakinsa yana bukatar iska. Akwatin da ya dawo daga aiki da zafinsa a bar shi ya huce rabin sa'a.

Ƙananan halittu ma suna da nasu rabon. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaguya, rigar waya kuwa ta yi masa daidai. Kyankyasai da tururuwa suna son ɗumin cikin na'ura, zanzaro kuma yana iya gina ɗakinsa a ramin shan iska. A riƙa dubawa kowane mako, a share ƙurar ramukan da busasshen buroshi. Idan hadari ya taso da tsawa, a dakatar da caji a raba akwatunan da layi.

Idan Abu Ya Ɓaci

Ruwa ba ya tsami banza. Kumburin jiki, wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge fenti, ƙara kamar ta tsaki ko fashewar gyaɗa, zafi alhali ba a aiki da shi, duk alamu ne. Akwatin da ya faɗi da ƙarfi ko ruwa ya shige shi kada a sake cajinsa sai masani ya duba. Idan an ga alama kuma babu hayaƙi, a kashe wuta daga makunni, a fitar da shi fili nesa da abin da zai kama.

Idan hayaƙi ya fara, kada a ɗauke shi. A fitar da kowa, a ja ƙofa, a kira 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa a Nijeriya ita ce 112. Hayaƙin yana ɗauke da kabon monoksaid, wanda ke kama jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye, da kuma haidirojin fulorayid mai ƙona hanyar numfashi. Wanda ya shaƙa a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin huhu na iya tara ruwa bayan sa'o'i. 'Yan kwana-kwana suna sanyaya irin wannan wuta da ruwa mai yawa, amma kada kowa ya watsa ruwa a kan abin da ke jone da layi ko faranti. Batirin da ya mutu da wuta yana iya sake tashi bayan sa'o'i, don haka a bar shi a waje. Mataccen batir kuma ba a jefa shi a bola, ba a ƙona shi, ba a fasa shi.

Aiki Ga Malamai Da Ɗalibai

Malamin kimiyya yana iya mayar da wannan darasi aikin aji da ƙaramin faranti wanda Voc ɗinsa bai wuce bolt 25 ba, da mitar awon lantarki. Ɗalibai su auna turinsa da ƙarfe 8 na safe, su sake aunawa da ƙarfe 1 na rana bayan ya gasu, su bayyana dalilin da ya sa lambar ta sauka alhali rana ta ƙara ƙarfi. Su jona masa ƙaramar fanka, su barbaɗa masa ƙura, sannan su rufe kusurwa ɗaya da littafi su ga abin da zai faru. A ba su aikin gida su kwafo lambobin da ke jikin inbata da akwatunan gidansu ba tare da sun taɓa waya ba, su yi lissafin abin da ya rage wa caji.

Kammalawa

Wanda ke da akwatin wuta fiye da ɗaya ya rubuta lambobi huɗu a takarda ya manna a bango kusa da inbata: wat-awar da farantansa ke bayarwa a yini, wat ɗin da inbata za ta ɗauka ba tare da wahala ba, wat ɗin da kowane akwati ke ja, da iyakar bolt ta ƙofar kowanne. A ƙarƙashinsu ya rubuta lokacin cajin kowane akwati, yadda duk mutanen gida za su gani. Akwatin da za a daɗe ba a yi aiki da shi ba a ajiye shi da caji rabi ko sama da rabi kaɗan, a wuri mai sanyi, a riƙa duba shi bayan wata uku. Sannu ba ta hana zuwa: akwatin da bai cika yau ba zai cika gobe da hantsi, ba tare da an yi asarar batir ko gida ba.